Yadda ake tafiyar da allurar insulin da abincin kyanwa mai ciwon suga ga wanda aiki ya yi wa yawa

Kyanwa mai ciwon suga tana buƙatar allura sau biyu a rana, da tazarar awa 12 tsakaninsu, kuma jikinta ba ruwansa da ko an riƙe ka a wurin aiki ko mota ta lalace maka a hanya. Abin da ke karya wa mutane gwiwa ke nan tun ranar da likitan dabbobi ya faɗa musu sakamakon gwaji. Allurar kanta ba ta kai minti 2 ba, kuma yawancin kyanwoyi ba sa ko ɗaga kai daga kwano idan ana yi musu. Aikin yana wajen tsara rana yadda ba za ta watse ba ranar da abubuwa suka cakuɗe.

Akwai magana ɗaya da duk matakan nan suka dogara a kanta. Idan insulin ya yi kaɗan na yini guda, suga zai hau, kyanwa ta sha ruwa da yawa, ta yi ta fitsari, gobe a gyara. Idan ya yi yawa kuwa, suga zai faɗi ƙasa, kuma wannan na iya kashe ta cikin 'yan sa'o'i kana can wurin aiki ba ka sani ba. Don haka duk inda shakka ta shigo, a karkata wajen ragewa ko tsallakewa, ba wajen ƙarawa ba. Yawan yunit ɗin da za a ba ta kuma likita ne ke yankewa, ba mai kyanwa ba.

Mataki na 1: San insulin ɗinka da sirinjinsa kafin ka bar wurin likita

Insulin ɗin da aka fi ba kyanwoyi iri uku ne: Lantus, wanda asalinsa na mutane ne, sai ProZinc, sai Caninsulin da ake kira Vetsulin a Amurka. Yawanci ana farawa da yunit 1 ko 2 a kowace allura, a riƙa ƙarawa a hankali idan da buƙata.

Dubi jikin kwalbar, za ka ga an rubuta U-40 ko U-100. Ma'anarsa yunit 40 ko yunit 100 a cikin mililita ɗaya. ProZinc da Caninsulin U-40 ne, Lantus kuwa U-100. Sirinji ma haka aka raba su, kowanne da irin insulin ɗin da aka yi shi dominsa. Wanda ya ja Lantus da sirinjin U-40 har layin yunit 2, yunit 5 ya ja, wato ninki biyu da rabi, kuma ga dabbar da ba ta wuce kilo 4 ko 5 ba wannan ba ƙaramin haɗari ba ne. Kuskuren ya fi faruwa ranar da sirinji ya ƙare aka sayo wani cikin gaggawa, ko aka sauya insulin amma tsofaffin sirinji na nan a aljihun tebur. Idan an sauya maka insulin, kwashe tsofaffin ka fitar da su daga gidan a ranar. Kada ka dogara da launin murfi, karanta rubutun da ke jikin sirinjin.

Ka tambayi yadda ake motsa kwalbar, domin ba ɗaya ba ne. Lantus garau yake kamar ruwa, ba a girgiza shi, kuma idan ka ga ya yi gurɓi ya lalace. ProZinc mirgina shi ake yi a hankali tsakanin tafin hannu har ya haɗe. Caninsulin kuwa girgiza shi ake yi sosai har ya zama fari bai ɗaya. Dukkansu a firij ake ajiye su, a sanyin digiri 2 zuwa 8, ba a jikin bangon baya inda abu ke daskarewa ba. Insulin da ya daskare ya tashi aiki ko da ya narke daga baya. Rubuta ranar da ka buɗe kwalba a jikinta. Masu yin Lantus sun ce kwana 28 bayan buɗewa, ProZinc kwana 60 ga ƙaramar kwalba, Vetsulin kwana 42. Likitoci da yawa suna barin a wuce haka da Lantus idan bai bar firij ba, amma wannan magana ce tsakaninka da naka likitan.

Kada ka fita sai ka yi allura ɗaya da hannunka a gabansa, ko da da ruwan gishirin asibiti ne.

Mataki na 2: Zaɓi sa'o'in biyu

A nan mutane suka fi yin kuskure, domin suna zaɓen lokaci bisa ranar da komai ya tafi daidai. Ka zaɓa bisa ranar da ta fi muni a cikin makonka na yau da kullum.

Misali, kana fita 7:30 na safe, kana dawowa 6 na yamma, amma sau ɗaya ko biyu a mako kana kaiwa 8 na dare. Idan ka ɗauki 6 da 6, a ranakun nan ka makara da awa 2 cur, ba ka da sauran sarari. Idan ka ɗauki 7 da 7, makarar awa ɗaya ce kawai, kuma da safe kana da rabin awa ka ga ta ci abinci ka ga yanayinta kafin ka kulle ƙofa. Rabin awan nan yana da daraja, kada ka mai da allura abu na ƙarshe da kake yi takalmi a ƙafa.

Ba dole ba ne a ce safe da yamma. Mai aikin dare na iya ɗaukar 9 na safe bayan ya dawo da 9 na dare kafin ya fita. Tazarar ce ke da muhimmanci, ba sunan lokacin ba. Mai aikin karɓa-karɓa, wanda mako guda yana safe mako guda yana dare, ya nemi sa'o'i biyu da yake gida a kowane irin mako. Idan babu, to aikin na mutum biyu ne, kuma gara a amince da haka tun farko.

Ba sai ka bi minti da minti ba. Ƙa'idojin kula da ciwon sugar kyanwa da ISFM, ƙungiyar likitocin kyanwa ta duniya, ta fitar a 2015 sun yarda da sassaucin awa 2 gaba ko baya. Sai dai sassauci ne na ranar larura, ba a mai da shi tsarin kullum ba. Ranar hutu ma agogo ya buga a lokacinsa. Ka tashi ka yi allurar, ka koma ka kwanta idan kana so.

Sa ƙararrawa a waya a kan lokacin kowace allura, da wata kuma awa guda kafin ta yamma, don ta tuna maka ka fara haramar barin inda kake. Idan wata rana kana so ka sauya tsarin gaba ɗaya, misali daga 7 zuwa 9, ka riƙa turawa da rabin awa kowace rana har ka kai. Tura lokaci gaba ya fi jawo shi baya aminci, domin jawowa baya na sa allura biyu su hau kan juna.

Mataki na 3: Abinci, da abin da za ta ci lokacin da ba ka nan

Kyanwa maciyar nama ce, jikinta bai iya sarrafa sitaci da yawa ba. Busasshen abincin kyanwa, irin mai ƙwaya-ƙwaya, galibi sitacinsa na da yawa, domin da shi ake ɗaure ƙwayoyin. Abincin gwangwani mai danshi ya fi dacewa, musamman niƙaƙƙe marar romo mai kauri, saboda romon nan da gari ake kaurara shi. Abin da ake nema shi ne kada ƙarfin da take samu daga sitaci ya wuce kashi 12 cikin 100. Ba kasafai ake rubuta wannan a jikin gwangwani ba, sai an tambayi likita ko kamfanin. Kyanwa mai ciwon ƙoda kuma nata abincin daban ne, kada a sauya mata sai da shawara.

Ga gargaɗin da ba a cika yi ba. Idan kyanwa ta riga ta fara insulin tana cin busasshen abinci, sai ka mai da ta na gwangwani dare ɗaya, buƙatarta ta insulin na iya raguwa sosai cikin 'yan kwanaki. Yunit 2 da suka dace jiya sai su zama sun yi yawa. A sauya a hankali cikin mako guda ko fiye, da sanin likita, kuma a fara a ranakun da kake gida.

Yanzu lokacin ci. Kare mai ciwon suga sau biyu yake ci, daidai da allura. Kyanwa ba haka take ba, ɗabi'arta ta ɗan taɓa ta tafi ta dawo, kuma da insulin mai dogon aiki irin Lantus ko ProZinc babu laifi a bar ta a kan haka, matuƙar jimillar abincin yini a aune take. Ga mai aiki wannan sauƙi ne, kuma kariya ce. Insulin ya fi ƙarfi, suga ya fi yin ƙasa, galibi tsakanin awa 4 zuwa 8 bayan allura. Ga wanda ya yi ta 7 na safe, tsakanin 11 ke nan da 3 na rana, lokacin da gidan ba kowa. Abinci a wannan tsakanin ake son ya kasance a gabanta.

Tsarin da nake ganin ya fi sauƙin riƙewa shi ne a raba abincin yini huɗu: babban kaso biyu a lokacin allura, ƙananan kaso biyu a tsakiya. Na tsakiyar rana a zuba shi a kwanon nan mai agogo da murfinsa ke buɗewa da kansa, a saita shi ya buɗe kamar awa 4 bayan allura. Wasu suna zuwa da gurbin ƙanƙara a ƙasa don kada abincin ya lalace. Idan naka ba shi da shi, daskarar da ƙaramin kason tun dare ka saka shi da safe, kafin tsakar rana ya narke. Na tsakar dare ma haka, kuma shi zai hana ta tashe ka da kuka ƙarfe 3. Gwada kwanon kwana biyu kana gida, domin wasu kyanwoyi tsoron ƙarar murfin suke ji, wasu kuma fasa shi suke yi tun kafin lokaci. Ka riƙa duba batirinsa.

Idan akwai wata kyanwa a gidan, ba za ka san wace ce ta cinye ba. Ko dai a raba musu ɗaki lokacin da ba ka nan, ko a nemi kwanon da ke buɗewa ga kyanwa ɗaya kaɗai ta hanyar ɗan guntun na'urar shaida da ake dasa mata a ƙarƙashin fata.

Yawancin masu wannan ciwo muzurai ne da aka dandaƙe, sun manyanta, sun yi ƙiba. Rage ƙibar na taimakawa ƙwarai, amma a hankali, kada ya wuce kashi 1 cikin 100 na nauyinta a mako. Ga mai kilo 6, giram 60 ke nan ko ƙasa da haka. Kyanwa mai ƙiba da ta kwana biyu ko uku ba ta ci ba tana iya kamuwa da ciwon hanta mai tsanani, saboda haka ba a horar da ita da yunwa.

Mataki na 4: Allurar kanta

Haɗa kayan wuri ɗaya kusa da firij: sirinji, na'urar gwajin suga idan kana da ita, littafi da biro, robar zuba tsofaffin allurai mai murfi, da kwalbar zuma. Bi jeri ɗaya kullum, har hannunka ya saba ko da barci a idonka.

Fara zuba mata abinci. Tana ci, kai kuma ka ɗauko kwalba ka motsa ta yadda aka koya maka. Kifa kwalbar, soka allurar, ja fiye da abin da kake buƙata kaɗan, ɗan ƙwanƙwasa sirinjin iska ta taru sama, sannan ka tura har ka sauka daidai kan layin. Yi wannan a wuri mai haske, ka ɗaga sirinjin daidai idonka. A yunit 1 ko 2, ƙwayar iska ɗaya na iya cinye rabin maganin. Sirinji mai layin rabin yunit ya fi sauƙin karantawa.

Ka tabbata ta ci abin kirki tukuna, ba lasa kawai ba. Sannan ka kama fatar gefen ƙirjinta ko gefen cikinta da yatsu ka ɗaga, ka soka allurar a gindin inda ya ɗagu, a kwance tare da jikinta, ka tura maganin duka, ka zare. Shafa wurin da yatsa ka ji ko gashin ya jiƙe. Yau dama, gobe hagu, kana ɗan matsawa gaba ko baya, domin wurin da ake yawan sokawa yana yin tauri ya daina shan magani daidai. Kowane sirinji sau ɗaya. Mai amfani da alƙalamin insulin, wato na'urar allura mai siffar biro da ke maye gurbin sirinji, ya bar allurar a ciki kamar daƙiƙa 10 bayan ya danna, kafin ya zare.

Na ƙarshe, rubuta nan take: lokaci, yunit nawa, ta ci ko ba ta ci ba. Takarda a jikin ƙofar firij ta fi waya amfani a gidan da mutum biyu ke yin allura, domin hanyar da aka fi ninka wa kyanwa magani ita ce wannan ya yi ya fita, wancan ya tashi bai sani ba ya sake. Dokar gidan ta zama ba a ɗaukar sirinji sai an dubi takarda.

Mataki na 5: Ranar da tsari ya karye

Zai karye, shi ya sa ake yanke shawarar tun kafin ranar.

Ka makara da ƙasa da awa 2, misali ka iso 8:30 maimakon 7: yi allurar kamar kullum. Idan da hali, ta safe ka ɗan jinkirta ta zuwa 7:30, washegari ka koma daidai.

Ka makara sosai, ka iso 12 na dare: ba ta abinci, bar allurar, ka yi ta safe a lokacinta da yunit ɗin da aka saba. Idan ka yi ta 12 ka sake ta 7, awa 7 ne kawai tsakaninsu, kuma za su haɗu su yi ƙarfi daidai lokacin da ka fita. Ba a rama allurar da ta wuce, ba a ninka ta gaba. Kyanwar da ta taɓa shiga matsalar keton, wato wani sinadari mai guba da ke taruwa a jini idan insulin ya yi kaɗan, ita kaɗai ce tsallakewa ke da haɗari a gare ta, ita sai ka nemi dokarta ta musamman daga likita.

Ta motsa lokacin allura, ka ji gashi ya jiƙe, ba ka san nawa ya shiga ba: kada ka sake. Rubuta abin da ya faru, ka jira ta gaba.

Ta ƙi cin abinci: ɗan ɗumama shi, ko ka gwada wani da take so, ka ba ta minti 20. Idan har yanzu ta ƙi, kada ka yi cikakkiyar allura ka fita. Likitoci da yawa sukan ce a ba da rabi, ko a gwada suga tukuna, amma ka nemi naka ya rubuta maka abin da yake so tun kafin ka buƙata, domin ƙarfe 7 na safe ba lallai ya ɗauki waya ba. Idan ta ƙi ci sau biyu a jere, ko tana amai, ko ta kwanta lakwas, yau za ta ga likita, ba gobe ba. Alamomin nan na iya nufin keton ya taru a jininta, kuma wannan yana kisa. Akwai tsinken gwajin keton da ake tsomawa a fitsari, yana da kyau a ajiye shi a gida.

Mataki na 6: Gwaji, yadda zai shiga mako mai cunkoso

Gwajin suga a asibiti yana ruɗi, domin tsoro kaɗai na ɗaga sugar kyanwa sosai. Na gida ya fi gaskiya. Ana samun ɗigon jini daga gefen kunne: ɗumama kunnen da tsumma mai ɗumi, soka bakin-bakinsa, tara ɗigon a tsinken na'urar gwajin suga, danna wurin da auduga. Akwai na'urori na dabbobi irin su AlphaTrak. Na mutane ma suna aiki, sai dai sukan nuna ƙasa da gaskiya kaɗan a jinin kyanwa, don haka ka faɗa wa likita wadda kake amfani da ita, kuma ka tsaya a kan guda ɗaya. Wasu na'urori da mg/dL suke ƙidaya, wasu da mmol/L. Ninka na biyun sau 18 ka sami na farkon.

Gwajin da ya fi amfani ga mai gaggawa shi ne na kafin allura. Nemi likita ya ba ka lambar da idan suga na ƙasa da ita ba za ka yi allura ba sai kun yi magana. Ga sabon shiga, likitoci da yawa suna ajiye ta tsakanin 150 da 200 mg/dL. Abin da ake fata gaba ɗaya shi ne suga ya yini ƙasa da 250 zuwa 300, kuma kada ya sauka ƙasa da 80 a lokacin da ya fi yin ƙasa.

Lokaci-lokaci likita zai so a bi sugar yini guda, ana gwadawa duk awa 2 zuwa 3 daga allurar safe zuwa ta yamma. Wannan aikin ranar hutu ne. Haka kuma duk wani ƙarin yunit, fara shi ranar da za ka yini a gida, ba safiyar ranar aiki ba. Ba a taɓa adadin fiye da sau ɗaya a kwana 5 zuwa 7, domin jiki na ɗaukar kwanaki kafin ya daidaita da sabon adadi. Lamba ɗaya da ta yi sama ba dalilin ƙari ba ce. Wani lokaci ma suga yakan faɗi ne da rana, jiki ya mayar da martani ya cilla shi sama, ka dawo da yamma ka ga babbar lamba ka zaci insulin ne ya yi kaɗan.

Ga wanda ba ya gida yini, akwai ɗan faifan FreeStyle Libre mai auna suga dare da rana, da likita ke mannawa a fata bayan an aske gashi. An yi shi ya kai kwana 14, ko da yake kyanwoyi kan ɓalle shi kafin nan. Ko kwana 5 ya yi, zai nuna maka abin da ke faruwa a sa'o'in da ba ka gani, kuma a ganina ya fi cancanta a makonnin farko ko bayan an sauya adadi. Gwajin jini na furuktosamin kuma yana nuna matsakaicin suga na mako ɗaya zuwa biyu da suka wuce.

Wanda ba zai iya ko ɗaya daga cikin waɗannan ba bai rasa komai duka ba. Auna ruwan da ka zuba mata da safe da wanda ya rage, dubi girman dunƙulen fitsari a cikin yashinta, auna nauyinta sau ɗaya a mako a rana ɗaya. Ruwa na raguwa, nauyi na tsayawa, gashi na yin kyau, to magani na aiki. Idan ka ga tana taka ƙasa da dugadugan ƙafafun baya maimakon yatsu, jijiyoyi ne suka taɓu saboda suga ya daɗe a sama, a gaya wa likita.

Mataki na 7: Idan suga ya faɗi

Alamominsa: yunwa ta ba-zata, kasala, tangaɗi kamar mai maye, ƙwayar ido ta buɗe, dalalar miyau, kuka marar dalili, karkarwa, daga nan jijjiga ko suma. A na'ura, duk abin da ke ƙasa da 60 mg/dL na gaggawa ne ko da ba ta nuna komai ba.

Idan tana iya ci, ba ta abinci nan take. Idan ba ta iya ba, lakato zuma ko ruwan gulukos da yatsa ka shafa mata a dasashi, kaɗan-kaɗan har kamar ƙaramin cokali ɗaya. Kada ka ɗura wa dabbar da ta suma ruwa a baki, zai shiga huhunta. Da ta farfaɗo ba ta abinci, ka kama hanyar asibiti. Ƙarfin zuma na gushewa da wuri, insulin kuwa yana nan yana aiki sa'o'i, sai ka ga ta miƙe garau bayan awa ɗaya ta sake faɗuwa. Allura ta gaba kuma ba a yin ta sai likita ya sake duba adadin. Ka san asibitin da ke buɗe da dare tun yanzu, ka rubuta lambarsa a takardar firij.

Mataki na 8: Mutum na biyu, da tafiya

Koya wa wani tun ba ka buƙace shi ba. Ya yi allurar a gabanka sau da yawa, ya ja maganin da kansa kana kallo. Ba shi takarda ɗaya tak: sa'o'in allura, yunit nawa da hoton sirinjin a kan layin, yawan abinci, abin yi idan ta ƙi ci, alamomin faɗuwar suga, inda zuma take, lambar likita. Ka rubuta masa da manyan baƙaƙe cewa idan bai tabbata ba kada ya yi. Kyanwoyi da yawa suna rage ci idan mai su ba ya nan, shi ya sa wasu likitoci ke ɗan rage adadin na kwanakin tafiya. Tambaya kafin ka tashi. Idan da ita za ka tafi, insulin ya shiga jakar sanyi a naɗe cikin tsumma, kada ya taɓa ƙanƙara kai-tsaye, kada kuma a bar shi a motar da ke rana. Dabarar ke nan idan wuta ta ɗauke na dogon lokaci.

Idan sau biyu a rana ba zai yiwu ba sam

Faɗa wa likita gaskiya maimakon ka amsa da to ka riƙa tsallakewa. Akwai Toujeo, ɗan'uwan Lantus mai ƙarfin U-300, wanda aikinsa ya fi tsawo kuma ya fi lafawa, har wasu kyanwoyi kan wadatu da sau ɗaya a rana. Akwai kuma magungunan sha na sau ɗaya a rana: Bexacat, ƙwaya ce da hukumar kula da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da ita a ƙarshen 2022, da Senvelgo na ruwa da ya biyo baya a 2023. Suna sa ƙoda ta zubar da suga ta fitsari. Ba na kowace kyanwa ba ne. A Amurka an keɓe su ga wadda ba a taɓa yi wa insulin ba kuma take da ƙoshin lafiya in ban da sugar, kuma suna iya jawo matsalar keton alhali suga na nuna daidai, don haka makonnin farko na buƙatar sa ido sosai. Wanda ya riga ya fara insulin kada ya sa rai da su sai ya ji daga likita.

Akwai kuma abin da ba kasafai kare ke samu ba amma kyanwa na samu: ciwon kan lafa har ta daina buƙatar insulin, musamman a watanni 6 na farko, idan an kama shi da wuri, an gyara abinci, an rage ƙiba, ko an dakatar da maganin kumburi irin su firednisolon da ya tayar da shi. Labari ne mai daɗi, amma ga mai yini a waje nan ne haɗari ya fi yawa, domin jikinta ya fara yin nasa insulin kai kuma kana ƙara mata. Idan ka ga lambobin kafin allura suna sauka kwana bayan kwana, ta daina yawan shan ruwa, ko ka tarar da ita a kasale da rana, riƙe sirinjin ka kira likita kafin allura ta gaba. Ko bayan an dakatar da insulin, a ci gaba da abincin nan marar sitaci da awon nauyi na mako-mako, a kuma riƙa gwada suga lokaci-lokaci, domin yakan dawo.